Gardama Kan Motar Da Ke Magana: Ina Ruwan Uwargida?

Yau na zo miki da zancen da za ki ce na maza ne, irin wanda ake yi a teburin mai shayi ko a dakalin ƙofar gida bayan sallar isha'i, wato gardamar da ake tafkawa a kan wani tsohon shirin talabijin na Amurka mai suna Knight Rider, da baƙar motarsa da ke magana kamar mutum, da kuma yunƙurin da masu fim ke yi na sake shirya shi da sababbin fuskoki da sabuwar mota. Kafin ki ce ina ruwan biri da gada, ki ɗan ba ni aron hankalinki. Mu da muke zaune a Damari da sauran garuruwan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, inda yaro ɗan shekara bakwai yake iya bambanta ƙarar bindiga da ta fashewar taya, sanin wanda ɗanki ya ɗauka jarumi ba ƙaramin al'amari ba ne. A cikin wannan gardama ta masu son mota akwai abin da zai amfane mu a kan haka.

Asalin shirin

An fara nuna Knight Rider a tashar NBC ta Amurka a watan Satumba na 1982, aka ci gaba har zuwa 1986, zango huɗu, kashi 90. Wani marubuci mai suna Glen Larson ne ya ƙirƙiro shi, David Hasselhoff kuma ya fito a matsayin jarumin. Daga baya gidajen talabijin na ƙasashe da dama suka saya suka nuna, har da na Nijeriya. Saboda haka idan maigidanki ko yayanki ya yi karatu ko zaman aiki a Funtuwa, Zariya ko Kaduna a shekarun 1980 zuwa 1990, lokacin da gida ɗaya mai talabijin kan tara yaran unguwa guda, wasu a tabarma wasu ta bakin taga, to ki tambaye shi. Da wuya a ce bai san motar nan mai jan haske da ke kai da komo a goshinta ba.

Labarin wani ɗan sanda ne mai suna Michael Long, wanda miyagu suka harba a fuska suka yar a cikin hamada, suna zaton ya mutu. Wani attajiri mai suna Wilton Knight, wanda shi kansa yana kwance ciwon ajali, ya sa aka tsince shi, likitoci suka gyara masa fuska, aka sauya masa suna zuwa Michael Knight. Daga nan aka damƙa masa mota da aiki: ya riƙa bin gari-gari yana taimakon mutanen da masu ƙarfi suka danne, waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Sunan motar KITT, ƙirar Pontiac Firebird Trans Am ta 1982. A cikin labarin an sa mata kwamfuta mai tunani. Tana magana, tana tuƙa kanta, harsashi ba ya huda jikinta, tana tsallake shinge idan an danna wani maɓalli, kuma Michael kan kira ta ta agogon hannunsa ta taho inda yake. Muryar da ake ji ta wani dattijon ɗan wasa ce mai suna William Daniels, murya mai natsuwa irin ta malamin da ba ya ɗaga harshe amma ba ya barin kuskure ya wuce. Sau da yawa motar ce ke yi wa direbanta faɗa a kan gaggawa da ganganci.

Inda gardamar ta samo tushe

Tun da shirin ya tsaya ake ta ƙoƙarin tayar da shi. A 1991 aka yi wani fim mai suna Knight Rider 2000, aka kawo jar mota a maimakon baƙa, abin bai ɗore ba. A 1997 aka zo da Team Knight Rider, mai ababen hawa biyar masu magana, shi ma zango ɗaya ya yi, kashi 22, ya tsaya.

Yunƙuri mafi girma shi ne na 2008, inda NBC ta dawo da shirin, aka ce sabon jarumin ɗan Michael Knight ne. A nan ne ƙura ta tashi, domin motar da aka ba shi Ford Mustang ce. Pontiac ta kamfanin General Motors ce, Ford kuwa kishiyar General Motors ce a kasuwa, kin ga ke nan an ɗauki sunan uwargida an ba amarya. Masu shirin suna da hujjarsu, tunda an daina ƙera Firebird tun 2002, amma tsofaffin masoya ba su saurara ba. Kishin kamfanonin ya kai har ga murya: an riga an ɗauki wani ɗan wasa, Will Arnett, don ya yi maganar motar, sai aka janye shi saboda yana yi wa motocin General Motors talla, aka maye gurbinsa da Val Kilmer. Masu kallo kuma suka riƙa ƙorafin cewa shirin ya koma tallar Ford, tunda sabuwar motar kan rikiɗe ta zama wasu motocin kamfanin. 'Yan kallo suka yi ta raguwa, aka rage kashi-kashin daga 22 zuwa 17, shirin ya ƙare a watan Maris na 2009.

A 2010 General Motors ya rufe sashen Pontiac baki ɗaya, a 2014 kuma Glen Larson ya mutu. Duk da haka zancen bai kwanta ba. A 2020 jaridun Amurka suka ruwaito cewa James Wan, wani fitaccen mai shirya fim, zai mai da labarin fim ɗin silima. A watan Agusta na 2025 aka sake ruwaito cewa kamfanin Universal yana tattaunawa da mutane ukun da suka shirya Cobra Kai don su yi wannan aiki. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai masoya su rabu gida uku. Wasu su ce da tsohuwar zuma ake magani, in ba baƙar Pontiac ta 1982 ba ce to ba KITT ba ce. Wasu su ce zamani riga ne, yaran yanzu ba su san Pontiac ba, wayar hannunsu ma tana magana, kuma tun 2020 motoci marasa direba suka fara ɗaukar fasinja a birnin Phoenix na Amurka, saboda haka dole a zo da sabon abu, ko da mota mai lantarki ce. Na ukun kuwa cewa suke a ƙyale shirin ya huta, tunda an gwada an gwada ba a dace ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki tuna yadda dattawanmu ke zancen Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ko wace irin mota aka kawo, a wurinsu ba ta kama ƙafar Fijo ba. Ki tuna kuma da aka sake fim ɗin Mujadala a 2018 da sababbin 'yan wasa, yadda waɗanda suka kalli na farko suka riƙa auna wannan da wancan. Ko kuwa a ce yau wani ya sa kakin soja ya ce shi ne Samanja Mazan Fama, bayan rasuwar Usman Baba Pategi a 2023, Allah ya jiƙansa. Ai kin san za a sha magana. Mutum yana kishin abin da ya tashi da shi, domin yarintarsa yake gani a ciki.

Tagwayen motoci

Amma akwai wani abu a cikin tsohon shirin da ya fi ƙirar mota muhimmanci, wanda gardamar ƙarfe da fenti kan rufe. A wani kashi da aka nuna a 1982 an bayyana cewa KITT tana da 'yar'uwa mai suna KARR, wadda aka riga ta ƙerawa. Jikinsu ɗaya, launinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, in kin gan su a tsaye ba za ki bambanta ba. Bambancin yana cikin umarnin farko da aka dasa wa kowacce. An dasa wa KITT cewa babban aikinta shi ne kare ran ɗan Adam. KARR kuwa an dasa mata kare kanta kafin komai. Da masu ƙirar suka ga haɗarin haka sai suka kashe ta suka kulle a ma'ajiya, har ranar da wasu ƙananan ɓarayi biyu suka fasa wurin suka tayar da ita, ta zama abokiyar ta'asarsu.

Yadda aka yi maganinta ma abin lura ne. Michael ya tuƙo KITT ya nufi KARR gaba da gaba a kan wata hanya ta bakin dutse, ya ƙi kaucewa, domin ya san wadda ba ta san komai ba sai kanta ita za ta fara tsorata. Haka kuwa aka yi, KARR ta kauce ta faɗa cikin teku. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Haka shi ma jarumin. Ba a san Michael Knight da yawo da bindiga ba. Yawanci dabara da gudu da taimakon motarsa ne ke fitar da shi, kuma ƙarshen mugu a mafi yawan kashi-kashin shi ne a miƙa shi ga hukuma. Yana da shugaba, wani dattijo mai suna Devon Miles, da yake karɓar umarni a wurinsa, yana kuma da motar da ke iya ce masa a'a. A shirin 2008 kuwa an ɗora wa sabuwar motar manyan bindigogi. Ba ina cewa tsohon shirin ba shi da aibi ba ne. Shirin Turawa ne, da shigarsu da mu'amalarsu ta maza da mata wadda ba tamu ba, akwai kuma dambe da faɗa a ciki. Abin da nake so ki riƙe shi ne: duk lokacin da aka sabunta tsohon labari, ko aka kawo wa yaranki sabo, abin tambaya shi ne me aka dasa a zuciyar jarumin, kare rayukan mutane ko kare kansa da aljihunsa.

Mu dawo gida

Me ya sa wannan ya fi damunmu fiye da mutanen Amurka? Domin su bindigar fim suke gardama a kai, mu kuwa ta gaske muka sani. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga wata. Ba mu manta Satumba na 2021 ba, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, muka yi watanni sai an yi tafiya kafin a ji muryar ɗan'uwa. Yaron da aka haifa a 2015 a cikin wannan hali ya buɗe ido. Abin da rayuwa ta nuna masa shi ne, mai babur da bindiga shi ake gudu, shi ake kai wa kuɗi, shi ne maganarsa ke tafiya.

Ki lura da wasan yara a ƙofar gida. Mun san su da ƙera motar kara da ta gwangwani, a yanka tsohon silifas a yi taya, a ɗaura zare a ja. Har yanzu suna yi, amma bindigar kara ma ta samu wuri, kuma idan aka raba wasan ɓarayi da 'yan sanda, ki saurara ki ji wane ɓangare ake rububin shiga. Duk malamar da ta tsaya ta kalli yara lokacin tara ta san abin da nake nufi. Wasa ne, gaskiya, kuma ba kowane yaro mai bindigar kara ne zai lalace ba. Sai dai wasa madubi ne, yana nuna wanda yaro yake ganin girmansa.

Ga kuma sauyin da aka samu a yadda kallo ke shigowa gida. A zamanin Knight Rider da yamma ake buɗe tasha a rufe da dare, akwati ɗaya ne, kowa yana gani, babba yana kusa, in an nuna abin da bai dace ba ya tsawata ko ya kashe. Yau yaro zai kai katin waya shagon caji, a cika masa da fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka masu fassarar Hausa a kan 'yan nairori kaɗan, ya shige ɗaki ya lulluɓa ya kalla shi kaɗai. A 2024 jaridun ƙasar nan sun yi ta ruwaito yadda wasu 'yan bindiga ke fitowa a TikTok suna baje kuɗi da makamai, matasa suna bin su suna yaba musu. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hango haɗarin, domin a watan Satumba na 2021 ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Amma hannun hukuma ba ya kaiwa cikin katin da ke aljihun ɗanki. Naki ne yake kaiwa.

Abin da ke hannunki

Na farko, ki san abin da ke cikin wayar gidanki. Ba sai kin iya karatun boko mai zurfi ba, hoto ne, ido ke gani. Ki sa a buɗe miki ki duba lokaci-lokaci, kuma yara su san cewa dubawar al'adar gidan ce, ba sai an yi laifi ba.

Na biyu, hani kaɗai ba ya wadatarwa. Yaron da aka hana a gida zai gani a gidan maƙwabta ko a gidan kallo, kuma can ba mai yi masa bayani. Gara ki zauna ki kalli ko da kashi ɗaya tare da su, in an gama ki yi musu tambayoyi uku cikin raha: wa jarumin nan ya taimaka wa? Da me ya yi nasara, da hankali ko da kisa? Wa yake iya tsawata masa ya ji? Jarumin da bai taimaki kowa ba sai kansa, bai san wata hanya ba sai harbi, kuma ba wanda ya isa da shi, to KARR ne ko da an sa masa farar riga. Idan yaro ya saba da waɗannan tambayoyi, zai riƙa yi wa kansa su ranar da ba kya kusa.

Na uku, ki jawo maigida cikin lamarin. In yana cikin waɗanda suka kalli shirin, maimakon ya ƙare ƙarfinsa wajen musun wace mota ta fi, ki roƙe shi ya ba yara labarin tagwayen motocin nan da bakinsa, kamar tatsuniya. Yara maza suna ɗaukar ma'anar jarumta daga bakin uba fiye da kowa, kuma hirar da za ta haɗa uba da 'ya'yansa a tabarma ɗaya riba ce ko ba komai.

Na huɗu, ki nuna musu jaruman da ke raye a garinku. Direban da ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare ya nufi asibitin Funtuwa alhali ya san halin hanya, malamin da bai gudu ya bar ɗalibansa ba, ungozomar da ake bugun ƙofarta da asuba, manomin da ya koma gona don kada gari ya kwana da yunwa. Ki riƙa ambatonsu da girmamawa a gaban yara, domin wanda uwa ta yaba shi yaro ke so ya zama.

Na biyar, kada ki kashe wa yaro son mota, ki ba shi alƙibla. Ki ba shi labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen motoci, ya kama aiki a General Motors, wato kamfanin da ya ƙera ainihin motar KITT. Ya yi aiki a kan ƙirar Pontiac G6, shi ne kuma ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt mai amfani da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Nijeriya. Yaron da ke lanƙwasa gwangwani a ƙofar gidanki yana da irin wannan baiwa, abin da yake buƙata makaranta ce da mai ƙarfafa masa gwiwa. 'Ya'ya mata ma ba a bar su a baya ba, domin a cikin shirin injiniyar da ke kula da KITT mace ce mai suna Bonnie.

Ita wannan Bonnie akwai darasi a labarinta. Bayan zango na farko masu shirin suka cire Patricia McPherson, wadda ke fitowa a matsayin, suka kawo wata. Masu kallo suka nuna rashin jin daɗinsu, abokan aikinta suka sa baki, a zango na uku aka dawo da ita. Ashe mai kallo yana da murya. Mai shagon da ke tura wa yaranmu fina-finai ɗan garinmu ne, mun san uwarsa, mun san gidansu. Idan iyaye mata biyar ko goma, 'yan adashi ɗaya ko 'yan aji ɗaya, suka aika masa cikin mutunci cewa ga irin abin da ba su yarda a sa wa ƙananan yara ba, zai ji, domin kasuwarsa a hannunsu take.

Ko masu fim a Amurka su sake Knight Rider ko su bari, ko su kawo baƙar mota ko ja, wannan nasu ne, su da masoyansu. Namu shi ne yaran da ke gabanmu, waɗanda umarnin farko da za a dasa musu daga bakinmu zai fito, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama masu kare rayukan bayinsa, ya dawo mana da zaman lafiya a Damari da Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.